A Gidanmu Ba a Ajiyar Zuciya

Kakarmu Bafulatanar Jama'are ce, ita ta raine mu a Azare, ni da yayana. Doka ɗaya gare ta wadda ba ta sassautawa: ba a ajiyar zuciya a gidanta. In ta ji ka sauke dogon numfashi, sai ta ɗago kai ta ce, "Ƙarar wa kake kaiwa? Allah?" A wurinta ɗan mutunci haɗiye abinsa yake yi.

Ni dai kunnen ƙashi gare ni. Ina yi, tana zagi, ina ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Yaya kuwa ya ɗauki dokar nan kamar karatun allo.

Tela ne a kasuwar Azare. Duk wanda ya san tela a ƙarshen azumi ya san bala'i. Mata su cika shago, wannan ta ce an ɓata mata wuyan riga, waccan ta ce jiya aka yi mata alkawari. Na sha ganin ana zazzaga masa masifa yana taka keke, ya datse zare da haƙori, ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya." Jijiyar goshinsa kawai za ka ga ta miƙe. Abin yana ba ni haushi, har na fi jin haushinsa a kan na matan.

Da ciwon kai ya matsa masa, na ja shi asibiti da ƙyar. Hawan jini ne. Ma'aikaciyar jinya ta ba shi magani, sannan ta ce duk sanda ransa ya ɓaci ya ja iska ta hanci, ya sake ta ta baki a hankali. Ya ja. Wajen sakin ne ya dinga fitar da ita kaɗan-kaɗan kamar ɓarawo.

Ta ce, "Malam, sake ta mana a ji."

Ya yi murmushi ya ce, "A gidanmu ba a yi."

Daga nan gidan Kaka na nufa, raina a ɓace. Na same ta a madafa, ta durƙusa tana hura wuta da baki. Mafici uku na saya mata a rayuwata, duk ta rataye su a ɗaki.

Na ce, "Kaka, dokarki za ta kashe jikanki." Na kwashe komai na gaya mata.

Ta ƙara hura wutar. Can ta ce, "Ke kina zaton don me nake hura wuta da baki? Ni ma uwata ta hana ni. A murhu nake sauke tawa, tun ina amarya. Wa zai ce mai hura wuta tana ƙorafi?"

Na tsaya sororo. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana da inda take zubar da tata, mu ta bar mu da doka tsirara.

Na ce ta tashi mu je ta faɗa masa da bakinta, don ita kaɗai zai ji. Ta ce kunya ba za ta bar ta ta shiga kasuwa ta yi wa namiji wannan magana ba, a bari Sallah ta wuce, aiki ya lafa, ya zo gaisuwa. Ni ma a lokacin na ga kamar ba wani nisa.

Ranar jajiberi ya faɗi a kan keken, da rigar wata a hannunsa. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar sun tafi. Keken na nan a zaure an lulluɓe shi da zane.

Da aka dawo da shi gida, Kaka ta zauna a gefen katifarsa ta dafa ƙirjinsa.

"Sauke, ɗan nan," ta ce. "Na yarda."

Ya dube ta, ya ja iska, ya sake ta da ƙarfi har aka ji daga tsakar gida. Ban taɓa jin wannan sauti daga bakinsa ba sai ranar. Na fita na tsaya a bakin murhu ina kuka, don abin da ya rage masa ya iya yi da kansa ke nan.