Manhajar da Ba Ta San Azumi Ba

Ni da abokina muka gina manhajar odar abinci a wani ɗan shago a Samaru. Ɗalibai su danna waya, masu abinci na Sabon Gari su dafa, ɗan acaɓa ya kai. Mun rarraba aikin kashi-kashi: wani ɓangare na karɓar oda, wani na kuɗi, wani na neman ɗan acaɓa, duk a kan kwamfutocin haya da ban taɓa gani da idona ba. In jama'a sun yi yawa, kowane ɓangare ya ƙaro wa kansa kwamfutoci, in an watse ya rage. Har muka koya wa manhajar duba makonnin baya ta yi hasashen gobe. Lokacin ji nake ba wanda ya kai ni.

Sai azumi ya kama. Manhajar ta saba da cunkoson azahar, don haka ta shirya tsaf da rana, ba kowa sai tsirarun masu neman shinkafa. Da la'asar ta sallami kwamfutocin ta yi kwanciyarta. Dab da magariba kuwa Samaru kaf ta tuna da ƙosai da kunu. Kafin ɓangaren kuɗi ya farka, na oda ya shaƙe, masu azumi na ta zagina a waya.

Dole na koma ƙara kwamfutocin da hannu kullum da yamma. Abokina Kirista ne, ya ce in tafi zai riƙe mini, amma shi a talla ya ƙware. Ana kiran salla ina gaban allo da dabino da ruwan leda. Inna kuwa tana Hanwa, ga shi azumin farko ke nan tun rasuwar Baba, ba ta da abokin shan ruwa sai ni. Kullum sai ta kira.

"Kana tafe, ko in rufe maka naka?"

"Gobe, Inna. Ta kusa koya."

"Goben nan taka ba ta da ƙafa ne?"

Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma kunyar muryarta ta fi gajiyar ci mini rai.

Manhajar dai ta koya, da tafiyar hawainiya. Ranar da na ga ta ƙaro kwamfutocin da kanta kafin magariba, na rufe shago na hau acaɓa. Na tarar Inna ta shimfiɗa tabarma, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Ta dube ni, ta shiga ɗaki neman na biyu, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba mu ko kwashe kwanuka ba maƙwabta suka fara shelar an ga watan Salla. Inna ta miƙo mini sauran ƙosan.

"To," ta ce, "Allah ya nuna mana na baɗi."