Fallen Ƙarfen da Na Goge: Daga Ainu Shams Zuwa Helwan

Alhamis

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe malaminmu na ƙirar jiragen sama ya ɗora bakin alƙalami a kan zanena ya tambaye ni ina ƙarfen da ke nan. Wata huɗu ina aiki a kan jirgi guda, Corsair, jirgin yaƙin sojan ruwan Amurka mai farfela, samfurin da aka gyara don farauta da dare. Na zana fikafikansa masu lanƙwasa kamar na tsuntsun teku, waɗanda ake naɗewa sama don ya samu wuri a cikin jirgin ruwa. Na zana ƙugiyar wutsiya da ke kama igiya idan ya sauka, da ƙullutun rada a fiffiken dama, da silinda goma sha takwas a jeri biyu. Amma akwai wani ɗan fallen ƙarfe a gefen jikinsa, saman bututun salansa, gaban mazaunin matuƙi. Na lissafa iskar da yake tarewa, na ga rage gudu kawai yake, sai na goge shi, har na rubuta cewa kuskuren masu ƙira ne.

Malam ya ce mutanen da suke auna kowace kusa kafin su ɗora ta a jirgi ba za su manna ƙarfe don ado ba. Ya ba ni zuwa Lahadi in faɗi amfaninsa, in ba haka ba in sake batu, in fara daga farko. Ranar Juma'a na duba duk hotunan da na tara. Ƙarfen yana nan a na dare, babu shi a na rana, kuma ban san sunansa ba balle in nema.

Asabar, Ainu Shams

Inna Zainabu, maƙwabciyata a unguwar Ainu Shams a nan Masar, Bahaushiyar Sudan ce mai sayar da turaren wuta. Ita ta ji shiru ya yi yawa a ɗakina ta shigo. Ta ce mijinta marigayi ya yi walda a Helwan tare da wani tsoho, Usta Fu'ad, wato ƙwararren makanike, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana gyaran jiragen feshin auduga. Ba ta da lambarsa, amma ƙafarta ta san hanya.

Mun fito biyar da kwata, bayan sallar asuba. Mai ful, dafaffen wake, na bakin layi yana ɗora tukunya, muka sayi biredi biyu da ta'amiya, wato ƙosan Masar. Shida saura minti goma muka shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, taragon mata. Layi ɗaya ne tun daga nan har Helwan, ba canji. Jirgin ya nutse ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, ya sake ɓullowa rana ta fito. Ni na buɗe zanena a cinya, Inna kuwa kafin mu kai Ma'adi ta sayar da turare ƙulli uku, ta kuma gaya wa duk taragon cewa 'yarta injiniyar jirgin sama ce. Na ja mayafi na rufe rabin fuska.

Helwan

Bakwai da minti biyar muka sauka. Mikrobas, ƙaramar motar haya, ta kai mu wajen gari cikin minti ashirin da biyar, hayaƙin masana'antu a hagu, tsaunukan farar ƙasa a can nesa. Inda Inna ta san garejin, shagon waya muka tarar. Ta tsaya ta dubi ginin kamar ya yi mata rashin kunya. Mai shayi na gefe ya ce Usta ya koma bayan makabarta shekarun baya, in dai yana da rai. Da wannan "in dai" muka hau tuktuk, wato adaidaita-sahu. Direban ya ɓace da mu sau biyu, kowane karo yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, Inna tana ce masa ma'alish ba ta kai mutum gida.

Tara saura kwata muka ga ƙofar kwano shuɗiya, a buɗe.

Garejin Usta

Kafin in ga mutumin, injin na gani. Yana tsakar gida a kan ƙafafun ƙarfe, tsayinsa ya kusa nawa, silinda tara sun fito daga tsakiya a zagaye kamar yadda yara ke zana rana. Na lissafa irinsa a takarda ba adadi, ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Kowace silinda tana da siraran haƙarƙari na sanyaya ta, jere da jere, ko ƙumba ba ta shiga tsakaninsu da kyau. Na sa hannu. Sanyi, da warin tsohon mai. Na tuna na Corsair biyun wannan ne a haɗe, ƙarfin doki wajen dubu biyu, kuma saurayi ɗaya ke zaune a bayansa, cikin duhu, a kan teku. Na daɗe a tsaye har Inna ta taɓa ni.

Usta Fu'ad ɗan ƙaramin tsoho ne, kunnensa ɗaya ya mutu, ya ce injuna suka cinye. Ya yi wa Inna ta'aziyyar da ta makara shekara shida, sannan ta fara ba shi labarina. Ya ɗaga hannu.

"Ita ba ta da baki ne, ya Hajja?"

"Tana da shi, a littafi ta bar shi."

Dole na matsa kusa da kunnen mai ji, na yi bayani da Larabcina na aji. Ya karɓi hoton da zanen, ya jera su. Ya ce bai taɓa ganin wannan jirgi ba, Masar ba ta yi amfani da shi ba, amma injunan nan duk 'yan gida ɗaya ne. Ya tambaye ni da ƙarfe nawa nake yin lissafina. Na ce da rana, a laburare. Ya yi dariya har da tari, ya ce yalla, mu biyo shi.

Ya kai mu ɗakin ajiya marar taga, ya ba mu benci, ya ja ƙofa. Duhu ya rufe, ko hannuna ba na gani. Ya ce mu zauna kawai. Yana magana a hankali, yadda suke tayar da jiragen feshi kafin gari ya waye don iska ba ta tashi ba tukuna, da yadda matuƙa ke ƙin kallon ko ashana kafin su hau. Inna ta ce in aljanu ne ya faɗa mata tun yanzu. Bayan kamar minti ashirin, bangon da ke gabana ya fara fitowa. Ya ce in ƙirga sifanun da ke rataye. Na ƙirga goma sha ɗaya, har na ga ɗaya ta karkace. Na yi mamakin idona, don babu abin da ya sauya a ɗakin.

Sai na ji ya taka wani tsohon babur da aka cire wa salansa. Ƙara ta cika ɗakin, wuta shuɗiya tana tofowa daga gajeren bututun, tana ɓacewa, tana dawowa. Da rana na sha ganin irin wannan injin yana aiki, ban taɓa sanin akwai wuta a bakinsa ba. Bai fi daƙiƙa biyar ba ya kashe.

"Ƙirga sifanun, ya bashmuhandisa," in ji shi, wato babbar injiniya.

Babu bango, babu sifana. Wani koren tabo kawai ke yawo duk inda na juya ido. Ya ce sai na sake zaman da na yi kafin su dawo. Ya ce in ɗauka silinda goma sha takwas ne ke yin haka a gaban fuskata, jirgin ruwan da zan sauka a kansa ya kashe fitilunsa don kada maƙiyi ya gan shi, yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, mai kuma ya kusa ƙarewa. Fallen nan yana tsaye ne tsakanin wutar da idon matuƙi.

Ya buɗe ƙofa, Inna ta fita tana tari tana salati. Na yi masa godiya iya Larabcina. Amma abu ɗaya ya rage da zan fuskanta gobe a gaban malam, kuma wannan karon ba wanda ya tura ni, na matsa kusa da kunnensa na tambaya, ina kiransa Ammu, wato baffa: to lissafina, ya Ammu, duk kuskure ne?

Ya miƙo mini zanen.

"Lissafinki daidai ne, 'yata. In an cire shi jirgin zai ƙara gudu. Wanda ke ciki ne ba zai ga inda zai sauka ba."