Mai Riƙon Gidan Auta

Duk layin da Kafinta suka san shi, har matarsa in ta ji haushi haka take kiransa. Shagonsa ɗakin farko ne na gidan mahaifinsa da aka fasa wa ƙofa ta waje. Akwai dogon benci, da zarto a rataye, da gwangwanayen fentin da suka bushe ba a zubar ba, ga kujerun mutane masu karyayyun ƙafafu suna jiran layi. A lungun dama kuwa ƙanensa Auta ne ke zama, yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi da 'yar gudumarsa. Zazzaɓi ne ya taɓa wa Auta ƙwaƙwalwa tun yana goye. Jiki ya girma, gemu ya fito, amma hankali ya tsaya a yarinta.

Da can Kafinta bai yi niyyar tsufa a shagon ba. Wani kamfanin kayan ɗaki a babban birni ya ga aikinsa ya kira shi, har ya ɗaure jaka. A makon ne mahaifinsu, tsohon direban babbar mota, ya ce ya raka shi wajen lauya.

Lauyan ya yi bayani dalla-dalla. Tsohon ya fitar da gidan daga dukiyarsa tun yana raye, ya mayar da shi amana domin Auta. Ba sayarwa, ba rabawa, muddin Auta na numfashi. Mai riƙo kuma dole ya zauna a cikin gidan.

"Baba, tafiyata fa?" in ji Kafinta.

"Ɗage ta kaɗan. Likitoci sun ce yaron nan ba mai daɗewa ba ne. So nake ya ƙare kwanansa a ɗakinsa, ba a tsakar gidan wani ba."

Kafinta ya dubi tsohon, ya karɓi biro ya sa hannu. Baba ne ya riga tafiya. Auta kuwa ko mura ba ta cika kama shi ba.

Ranar rabon gado aka ga gida ba ya ciki. Ƙanwar Kafinta ta tafa hannu ta ce, "Lallai Yaya, ashe rakiyar da aka yi ke nan!" Wani ƙanensa mai shagon waya kuwa ya daɗe bai sake tako gidan ba. A ganinsu Kafinta ya ci gida shi kaɗai. Shi kuwa shi ke yi wa Auta wanka da aski, shi ke bin sa in ya fice titi babu takalmi. Sau ɗaya ya gwada tafiya da shi birnin, ko za a sami wata dabara. Auta ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya dinga buga kansa da bango yana cewa a kai shi gida. Suka juyo.

Shekaru suka tura, layin ya cika da shaguna da benaye, dillalai suka fara leƙowa. Sai 'yan'uwa suka dawo da zumunci ta waya. Gaisuwar ba ta wuce, "Yaya, ya jikin Auta?" Ya san abin da ake tambaya. Yakan ce, "Garau yake, ya fi ku cin abinci."

Wata shekara ciwon huhu ya kwantar da Auta a asibiti. Dangi suka cika baranda, har da waɗanda ba su san wane ɗaki yake kwana a gida ba. Kafinta ya hango mai shagon waya a gindin bene yana magana ƙasa-ƙasa da wani dillali, ransa ya ɓaci. Amma da ya zauna a bakin gado yana kallon robar da aka saka wa Auta a hanci, sai ya tsinci kansa yana tunanin ko kamfanin nan yana nan har yanzu, ko suna ɗaukar mai furfura. Ya tashi ya je famfo ya daɗe yana wanke fuska.

Auta ya farfaɗo, abin da ya fara nema gudumarsa ce. Kowa ya ce alhamdu lillahi, baranda ta watse kafin la'asar.

Bayan nan jikin Kafinta ne ya fara ba da labari. Jiri ya kayar da shi a gaban benci, likita ya ce hawan jini ne. Lauyar da ta gaji ofishin ta kira shi ta ce lokaci ya yi da zai rubuta wanda zai karɓi riƙon in ta Allah ta kasance. In bai rubuta ba, kotu ce za ta naɗa.

Ya bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanwar ta ce mijinta ba zai yarda ba. Mai shagon waya ya ce bayansa na ciwo. Saura babbar 'yar Kafinta, wadda ta gama karatun aikin jinya aka tura ta wani gari mai nisa. Ita kaɗai ce Auta ke yarda ta yanke masa farce.

Ta same shi a shago yana goge ƙafar tebur. "Baba, ka sa sunana. Kawu ba zai zauna da baƙo ba."

"Yaushe motarku za ta tashi?"

"Baba, magana nake yi maka."

"Na ji ki. Je ki haɗa kayanki."

Shi ya kai ta tasha da kansa, ya ɗora mata akwati, bai bar wurin ba sai da motar ta sha kwana. Gurbin sunan ya bar shi babu kowa, lauya ta kira har ta gaji.

Tun daga nan Kafinta ya canza. Ya bar gishiri, ya bar sukari a shayi, kullum da safe sai ya zaga layin da sauri kamar wanda ake bi. Ƙwayar maganinsa kuwa ba ya tsallake ko ɗaya. Matarsa ta tsaya tana kallonsa wata safiya yana haɗiya, ta ce, "Ikon Allah. Mutumin da ko ciwon kai sai an yi dambe yake shan magani. Amarya za ka ƙaro ne?"

Ya ajiye kofin ya goge baki.

"Ba ni da izinin mutuwa tukuna," in ji shi. Ya ɗauki makullin shago ya fita.