Kwalba Mai Jan Zare

Tsakiyar damina ce, shekarar da ruwa ya riƙa zuba har katangar gidanmu ta Kwarbai ta jiƙe ta fara zubewa ta gefen rijiya. Ni kuwa duk daminar nan da tsoro na yi ta, ina ɗauke da ciki na biyu.

Ba haihuwar nake tsoro ba. 'Yata ta fari, kwananta uku a duniya idanunta suka kumbura suna fitar da ruwan ƙwantsa mai kauri. Muka yi ta ɗiga mata nono, muka sa kwalli. Kafin mu kai ta asibiti, idon hagu ya yi fari. Har yau idan za ta kalle ka sai ta ɗan karkata kai.

Da hantsi na haihu, namiji. Ungozomar unguwarmu ce ta karɓa, tsohuwa 'yar siririya, muna ce mata Iya. Bayan ta yanke cibi ta sake wanke hannu da sabulu, ta goge wa yaron fatar ido da auduga, kowane ido da tasa. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar kwalba da aka ɗaura wa jan zare a wuya. Iya ba ta karatu. Da zaren take gane ta.

Mahaifiyata Inna, wadda ta zo daga ƙauye don jego, ta leƙa ta ga launin maganin, ja-ja kamar ruwan goro.

"Iya, wannan ba shi ake sa wa ciwo ba? Mai zafin nan kamar barkono?"

"Launinsu ne ɗaya, Hajiya. Wannan na ido ne, a asibiti aka ba mu."

"Ba a idon jikana ba."

Ina kwance ina jin su. Ban taɓa yi wa Inna musu ba.

Iya ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗaga kai sama, ta buɗe idonta da yatsa, ta ɗiga ɗigo ɗaya. Farin idon ya rine. Ta tsaya tana kallon Inna da shi.

"Kin ga ina kuka?"

"Idon da ya shekara sittin a hayaƙin murhu, me zai ji?" in ji Inna.

Iya ta yi 'yar dariya, sannan ta rage murya. "Ni na karɓi haihuwar yayarsa, Hajiya. Lokacin ban san wannan ba. Saboda ita na je na zauna a benci da tsufana, yara 'yan asibiti suna koya mini."

Ban taɓa sanin abin yana ranta ba. Shekara biyar tana wucewa ta ƙofarmu, tana ba yarinyar alewa, ba ta taɓa cewa komai ba.

Inna ta dubi idon Iya, rinin ya riga ya fara washewa. Sai ta gyara zama ta tallafe kan jaririn da tafinta.

"To, yi a hankali."

Ɗigo ɗaya a dama, ɗaya a hagu, bakin kwalbar bai taɓa idon ba. Iya ta ce kada a sa masa kwalli, kuma in muka ga ƙwantsa ko kumburi, a tafi asibiti ranar, kada a jira suna.

Washegari da safe na kai shi bakin ƙofa wurin haske, na duba idanun biyu, fes suke. Da Iya ta zo wankan jego na roƙe ta ta ba ni kwalbar. Na ɗauko littafina na makarantar yaƙi da jahilci, na kwafe sunan maganin harafi bayan harafi, na yage takardar na miƙa wa Inna, don ƙanwata da ke ƙauye cikinta ya shiga wata bakwai. Inna ta ƙulle ta a bakin mayafinta.