Malalacin Yatsan Saje

Ina da taubashi a Argungu, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda kowa ke kira Saje. Ya shiga soja tun muna samari, bai ajiye kaki ba sai da furfura ta fara leƙo masa, sannan ya koma sana'ar gidansu, wato su. Ni kuwa aikin tafinta a kamfanonin jigilar kaya ya yi ta yawo da ni, yau Yamai, gobe Kwatano, wata shekarar Akara ko Jidda, kafin na dawo na kafa gida a Badariya cikin Birnin Kebbi. Duk sanda muka haɗu ba ma rasa abin tsokanar juna. Shi ya ce mini ɗan yawon duniya wanda bai iya tuƙa kwalekwale ba, ni in ce masa sojan tarwaɗa.

Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake. Yana gaya wa jikokinsa harsashi ne ya same shi a ƙasar waje, amma ni na san ƙofar motar sojoji ce ta datse shi lokacin da aka tura su kiyaye zaman lafiya. Tun daga nan yatsan ya ƙage, ya karkata gefe. Ba ya taɓa igiya, ba ya jan taru, ba ya riƙe komai. Saje kan ɗaga shi ya ce, “Dibi malalaci. Sauran tara na wahala, shi yana zaune kamar ɗan sarki.”

Wata shekara, bayan an gama yankan shinkafa, aka sanar a rediyo cewa gwamnati za ta tantance tsofaffin sojoji. An ce akwai matattu da har yanzu sunayensu ke cikin masu karɓar fansho, akwai kuma waɗanda ba su taɓa sa kaki ba. Kowa zai zo da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Wanda ba a tantance ba za a ɗauka ba ya raye, a cire sunansa.

Ranar kasuwa na je Argungu na tarar da Saje a bakin gulbi yana gyaran taru, ransa a ɓace.

“Ka ji mani zance,” in ji shi. “Ni ɗin ga za a tambaya ko ina da rai? Wa yac ce na mutu?”

Na ce, “Ai tun da ka bar bariki ka koma hira da kifi aka fara shakka.”

Bai yi dariya ba. Fanshon nan shi ke riƙe gidan idan ruwa ya ja baya kamu ya yi ƙaranci, amma ba wannan kaɗai ya dame shi ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ji farar hula ne za su yi aikin. Mutanen da ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba, in ji shi, su za su zauna kan kujera su ce wane soja ne, wane ba soja ba ne.

A nan kam ban goyi bayansa ba. Na zauna a ƙasashen da soja ke ƙidaya kansa da kansa, shi ke faɗin yawan mutanensa, shi ke faɗin abin da suka ci, ba mai ikon ɗaga murfin tukunya ya duba. Na ga ƙananan sojoji a irin waɗannan wuraren da takalmi yagagge, alhali a takarda an saya musu sabo. Na gaya masa duk sunan bogi da aka bari, abincin wani yaro ne da ke tsaye a daji da bindiga. A Yamai ma na ga tsofaffi suna zuwa ofishin magajin gari su karɓo takardar shaidar suna raye, suna fitowa suna nuna wa juna ana dariya. Saje ya ce can dai Yamai ce, su suka ga za su iya.

Ranar da aka sa, ya iso gidana da sassafe a bayan kabu-kabu daga tasha. Ya sha farar riga da hula, ya maƙala lambobinsa na girmamawa a ƙirji. Da ya miƙo hannu mu gaisa sai na ga tafinsa ja wur, har ya doshi baƙi.

“Saje, aure za a ɗaura maka?”

“Hajiya ta,” ya ce, yana nufin matarsa. “Tac ce ba ni zuwa gaban manya da hannu duk tsaga kamar bayan kada.”

Haka matan masunta ke yi. Idan ruwa da igiya sun tsattsage hannun maigida, sai a kwaɓa lalle a ɗaure masa, fatar ta haɗe ta yi ƙwari. Hajiya ta ga za a duba hannun mijinta, ta ce bari ta gyara shi. Ta ƙunsa masa har sau biyu don ya kama da kyau.

Wurin tantancewar wani babban ɗakin taro ne a nan Birnin Kebbi, cike da tsofaffi. Wasu da sanda, wasu an riƙo su. Ana ta ganin waɗanda aka rabu da su tun a bariki, ana rungumar juna, wani na cewa, “Kai ashe ba ka mutu ba!” ɗayan na cewa, “Ina jiran ka riga ni.” A gaba an ajiye tebur, wata matashiya na zaune da kwamfuta da wata ƙaramar na'ura mai gilashi, wani hafsan soja a gefenta yana duba takardu.

Da layi ya zo kanmu Saje ya ƙame ya sara wa hafsan, ya yi kamar bai ga yarinyar ba. Takardunsa suka fita lafiya. Aka ɗauki hoto. Sai ta ce, “Baba, kawo babban yatsa.”

Ya ɗora. Fitilar na'urar ta nuna ja. Ta goge gilashin, ya sake ɗorawa, ja. Ta gwada manuni, ta gwada na tsakiya, ta karɓi babban yatsan hagu. Duk ja. Ta juya tafin hannunsa ta duba.

“Baba, su kake yi?”

“Awo.”

“Igiya ta cinye zanen, ɗan abin da ya rage kuma lalle ya rufe. Ko yatsa ɗaya ya fito sarai zan karɓa, amma ba zan iya wuce ka haka ba.”

“Ɗiyata, ga ni tsaye gabanki. Ba ki gani na?”

“Ina ganin ka, Baba. Amma idan na ce na gan ka kawai, wanda ya zo da takardar mamaci ma zai ce in gan shi. Muna nan har ƙarshen mako. Je ka lallen ya saki, ka dawo.”

Muka fito yana huci. Na ce kada ya koma Argungu, don na san ƙafarsa na taka garin zai faɗa ruwa. Ya zauna gidana, muka shiga neman maganin lalle. Maƙwabta kowa da tasa. Wani ya ce lemun tsami, wani ya ce toka da sabulun salo, mai shagon bakin layi ya rantse da kananzir. Muka gwada duka. Hannun ya ɗan yi haske, gidana ya koma warin gareji. Hajiya kuma tana ta bugo waya, ni ne mai ɗauka.

“Alhaji, wai da gaske lallena ne ya ɓata?”

Na ce, “Hajiya, lallenki ya yi kyau ƙwarai. Har na'urar ma kunya ta ji ta rufe ido.”

“Kai dai ba ka girma. Ka ce mishi ya bar hannun ga ya huta.”

Da ya bi shawararta da an huta. Amma Saje bai iya zama ba. Washegari na fita sallar azahar na bar shi a zaure, na dawo na tarar da shi tsugune a bakin famfo da dutsen goge kaushi, yana ta dirzar yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, da irin ƙarfin da yake goge takalmin fareti. Ya ɗago hannu yana murna.

“Dibi! Ya hita tas!”

Lallen kam ya fita. Sai dai ya tafi da sauran zanen. Kan yatsun ya yi sumul yana sheƙi kamar ƙwaryar da aka kankare. Na kama hannun na duba a rana, na ce, “Saje, ka kashe kanka da hannunka.” Na faɗa ne da wasa, amma da ya kai yatsun kusa da idonsa na ga fuskarsa ta sauya. Ranar bai ci abincin kirki ba. Bayan la'asar muna zaune ya ce mini, a hankali, ba fanshon ne ma ya dame shi ba, sai a ce an rubuta shi cikin matattu alhali abokansa da suka mutu da gaske ya san inda aka binne su. Na sa aka kawo man shanu muka shafa masa, ya zauna da hannuwa a buɗe bisa gwiwa kamar mai roƙon ruwa.

Ranar ƙarshe mutane sun ragu a ɗakin. Matashiyar ta gane shi.

“Baba mai lalle, ka dawo?”

Wannan karon ya amsa gaisuwarta. Ta karɓi hannun dama, ta bi yatsu biyar ɗin, duk ja. Ta hura gilashin ta goge da gefen mayafinta. Ta karɓi hagu, babba, manuni, na tsakiya, na kusa da shi. Ja. Saje ya janye hannunsa ya fara cusa shi cikin riga, yana cewa shi ke nan, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Ni dai bakina ba ya shiru. Na ce, “To saura ɗan sarki, shi da ko yau ba a tashe shi aiki ba.”

“Wane ɗan sarki?” in ji ta.

“Wani malalaci na,” Saje ya ce, “ba shi da amfani.”

“Kawo shi, Baba.”

Ya fiddo shi da ƙyar. Hajiya ba ta sa wa wannan yatsan lalle ba, don in an ɗaure shi yana zafi. Dutse ma bai taɓa shi ba, tun da ba abin da za a goge. Fatarsa na nan laushi kamar ta jariri. Sai dai ya ƙi kwanciya a kan gilashin saboda lanƙwasar. Aka juya hannun, aka juya na'urar, abu ya ƙi. Daga ƙarshe hafsan ya tashi ya ɗaga na'urar ya karkata ta, Saje ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya murɗa kafaɗa, lambobinsa na ta kaɗawa, matashiyar ta kama yatsan ta danna.

Fitila ta nuna kore.

Tsofaffin da ke bayanmu suka ɗauki kabbara da tafi. Wani ya ce, “Saje ya tashi daga matattu!” Matashiyar na dariya ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ga zanen nan layi-layi, ba inda ya yanke. Ya daɗe yana kallo. Da ya miƙe ya gyara hularsa, ya ƙame, ya sara mata. Ita ya fara sara wa, sannan hafsan.

A hanya na ce masa yanzu sai ya daina zagin wanda ke ciyar da gidansa. Ya ce in rufe masa baki, ni da ko yatsa ɗaya ban taɓa ba wa ƙasa ba. Muka tsaya kasuwa ya sayi turmin atamfa na Hajiya, wai don kada ta riƙe abin a ranta.

Da na je Argungu bayan nan na same shi cikin kwalekwale yana jan taru, yatsan a naɗe da ƙyalle fari. Na tambaye shi ko ciwo ya ji. Ya ce a'a, Hajiya ce ke shafa masa man kaɗe kullum ta naɗe, don an ce masu tantancewa za su riƙa dawowa. Sauran tara kuwa ta mayar musu da lallensu.