Linzami Aka Ce, Beli Aka Cire

Assalamu alaikum masu karanta wannan fili. Lokacin da abin nan ya same ni ban fi shekara ashirin ba, ina aure a Roni, kuma ni ce irin yarinyar da ake nuna wa sa'o'inta a ce su yi koyi da kawaicinta. Kakarmu Bafulatana ce, a kan tarbiyyarta muka tashi: mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kama sunansa, balle ta buɗe baki ta ce ga abin da ke damunsa.

A asibiti na haihu. Kafin a sallame mu, wata nas ta buɗe bakin jaririn, ta nuna mini wata 'yar fata kamar zare da ta ɗaure harshensa da ƙasan baki. Ta ce linzami ne, nasa kuma ya yi ƙarfi, harshen ba zai ɗaga ya kama nono sosai ba, don haka in dawo da shi a ɗan tsaga, ƙaramin aiki ne. Ni kaɗai na ji wannan bayani, don goggona, ƙanwar babanmu da ta raka ni, ta fita neman ruwan zafi.

Ƙauyenmu na wajen Gwiwa aka wuce da ni wankan jego. Na daure na raɗa wa Goggo cewa an ce akwai abin da za a yanke a bakin yaron. Ta yi dariya, ta ce ai kowane jariri da abin yankewa yake zuwa, beli ke nan, aikin wanzami ne. Na ce ba na maƙogwaro ba, na ƙarƙashin harshe. Nan take ta tafa hannu ta kira matan gida, wai su zo su ga 'yar boko da ta fara leƙa bakin ɗan fari tun cibiya ba ta faɗi ba. Aka yi ta shewa, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska.

Wanzami ya zo ya cire beli, yaro ya zubar da jini, kowa ya ce alhamdu lillahi an rabu da matsala. Matsala kuwa tana nan inda take. Ya kama nono ya suɓuce, ya sake kamawa ya suɓuce, har kan nonona ya tsattsage. In ya yi barci baki a buɗe, harshe kwance a ƙasa. Maimakon a duba bakin yaro, sai aka juyo kaina, wai nonona ne ba shi da kyau. Aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, ta mutu, aka ce to ga shaida. Don Allah wace tururuwa za a dulmiya a ruwa ta fito tana tafiya? A kan wannan aka hana ni shayar da ɗana, aka koma ɗura masa madarar shanu, ni kuma ana ta ɗirka mini saiwoyi masu ɗaci. Zawo ya kama shi, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ma ya daina fita.

Ranar da maigidana ya zo duba mu, shi ma satar kallon yaron yake yi, don shi ma kunyar ce ta ɗaure shi. Na ɗauko ɗana a gaban kowa na ɗora masa a cinya, na ce ko ya kai mu asibiti yanzu ko in kama hanya da ƙafa. Goggo tana faɗa cewa na zubar da mutuncin gida, muna hawa babur.

A Kazaure sai da aka yi masa ƙarin ruwa, ya ɗan farfaɗo, sannan likita ya tsaga linzamin. Kafin in gama addu'ar da na fara an gama. Aka miƙo mini shi, ya kama nono kamun da bai taɓa yi ba, ya ja, ya ja, babu komai. Ruwan nonon ya ƙafe. Nas ta yi ta ƙarfafa mini gwiwa in ci gaba da ba shi, amma abin da ya dawo bai taɓa ƙosar da shi ba, da madarar gwangwani ya girma. Yana nan da rai, yana surutunsa, Goggo kuma har gobe cewa take hannun wanzami ne ya yi albarka.

Ba na ƙin kunya, amma na gane ba a yin ta a kan ciwon jariri. Iyayenmu mata, ku ji tsoron Allah, in yarinya ta zo muku da maganar asibiti ku saurara har ƙarshe kafin ku yi mata dariya. Ke kuma mai ɗan fari, in jaririnki ba ya kama nono, ki kai shi a duba, a kira ki marar kunya ɗin. Ni na haɗiye tawa maganar, har yau kuma in na ga mace tana shayarwa kawar da kai nake yi.