Ranar da Aka Mai da Kukan Babana Sitika

Ko tsufa zai kai ni in riƙa rikita sunayen 'ya'yana, ba na jin zan manta ranar da na ga fuskar mahaifina a cikin waya ana dariya da ita. Shekaru sun ɗan ja, amma har yau kamar jiya abin ya faru.

Babanmu mai wankin hula ne a Rafin Guza. Rumfarsa a bakin titi take, duk wanda ya wuce zai gan shi zaune, huluna jere a gabansa suna shan rana. Irin mutanen da ne, masu ganin nuna so ko baƙin ciki a bainar jama'a zubar da girma ne. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare da Innarmu, ban taɓa jin ya kira sunanta a gabanmu ba. Da Allah ya yi mata rasuwa, duk kwanakin zaman makoki shi ne mai ba mu haƙuri, idonsa a bushe. Har na ce a raina anya wannan bawan Allah yana da zuciya kuwa? Allah ya yafe min wannan zato.

Bayan kamar wata huɗu na koma bakin aiki a makarantar firamaren da nake koyarwa a Kinkinau. Muna da guruf na malamai a waya, inda rabin hirar da sitika ake yin ta, ƙananan hotunan nan da ake turawa maimakon magana. Ni ma ba baya ba ce wajen tura su, ba zan yi ƙarya ba. Ran nan da hantsi ana tsaka da buga takardun jarrabawa aka ɗauke wuta. Wani malami ya shiga guruf yana kukan wuta, ya bi bayan maganarsa da sitika. Wani tsoho ne, baki a buɗe, hawaye shaɓe-shaɓe a gemu, ya ɗora hannu ɗaya a ka. A ƙasa an rubuta: "Ta tafi ta bar ni." Nan take aka shiga jero masa fuskokin dariya.

Hular na fara ganewa kafin fuskar. Sannan na ga ƙofar zauren gidanmu a bayansa, da farar rigar da ya sa ranar jana'iza. Mu mata muna cikin gida lokacin da aka fita da makara, don haka ban taɓa sanin Baba ya yi kuka ba. A sitika na fara gani, tsakanin dariyar abokan aikina.

Ban tsaya rubutu ba, da ƙafa na je ajin malamin na kira shi waje.

"Malam, ka san wanda ka tura ɗin nan?"

"Wai tsohon nan? Ai ya daɗe yana yawo. Yana kashe ni da dariya wallahi."

"Ubana ne. Ranar da aka ɗauki gawar uwata ce."

Ya yi ta salati yana ba ni haƙuri, ya goge a gabana. Shi ma a guruf ɗin 'yan ƙwallo ya samu, can kuma wani ya kwaso daga wani wuri. Ya ce samari sun fi turawa in budurwa ta yaudare su. Ban ga laifinsa sosai ba, don bai sani ba. Wanda ya sani nake nema.

Ban sha wahalar gano shi ba, domin mutum ɗaya ne ya ɗauki bidiyo ranar, wai don a tura wa dangi na nesa da ba su samu zuwa ba. Ɗan babbar yayata ne, jikan Baba na fari. Ba yaro ba ne balle a ce yarinta, ya doshi talatin, yana da mata, yana aikin ofis a Doka, kullum cikin guga da turare. Ana tashi daga makaranta na hau Keke na nufi gidan yayar tawa, na ce a kira min shi. Ya shigo yana murmushi, na miƙa masa wayar.

Dariya ya yi. Wallahi dariya ya yi.

"Haba Anti, wannan ce ta tayar miki da hankali? Wasan jika da kaka ne fa. Kin san Inna matata ce, tsohon nan ya ƙwace min. Shi ne na ce bari in tsokane shi, matata ta rasu amma shi ke kuka. Mutum huɗu kawai na tura wa, duk mu jikoki."

"To shi ka nuna masa?"

"A'a, ai ba ya riƙe babbar waya."

"Wasan da aka yi da mutum bai sani ba, sunansa wasa? A bayan idonsa ka yanko fuskarsa ka raba wa duniya, ka ce min wasan jika?"

Na san wasan jika, a cikinsa muka tashi. Jika ya cire wa kaka hula, ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kakan ya ɗaga sanda ya ce zo nan ja'iri, kowa ya yi dariya a tashi. Gaba da gaba ake yi, kuma tsohon yana da bakin ramawa. Ban taɓa jin inda aka yi shi a kan makara ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yayata. Maimakon ta tsawata wa ɗanta, sai ta ce, "Ke kin cika ɗaukar zafi. Tunda ya ce zai goge ai shi ke nan, kada ki ɓata zumunci a kan hoto." Hoto! Uwarmu ɗaya da matar nan, ubanmu ɗaya. Na ce mata ya goge na wayarsa, na wayoyin mutanen Kaduna fa, wa zai bi su gida-gida? Ta ce in bar wa Allah. Haka muke, in babba ya ji kunya a rufe, in mai gaskiya ya yi magana a ce ya cika fitina. Na fita ko sallama ban yi musu ba.

Daga nan abu ɗaya ya rage min: kada Baba ya gani. Na bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su kama bakinsu. Na roƙi masu shagunan da ke kusa da rumfarsa. Duk guruf ɗin da na ga an tura, sai in bi mutum ta gefe in yi masa bayani. Wasu su ba da haƙuri, wasu su ce ai ba su suka yi ba. Wata ma cewa ta yi in yi murna, babana ya zama sananne. Na yi wata biyu ina wannan aikin, kamar mai tare ruwan sama da rariya.

Wata Asabar na kai masa abincin rana a rumfa. Ina zaune a gefe wasu samari biyu suka tsaya a kan babur za su karɓi hula. Na bayan ya ƙura wa Baba ido, ya daki kafaɗar abokinsa.

"Kai! Wallahi shi ne! Baba, kai ne na sitika! Ta tafi ta bar ni!"

Suka fashe da dariya, ɗayan har yana zaro waya wai su yi hoto tare. Na miƙe na zazzage su tas, abin da na faɗa musu ba zai rubutu ba. Suka ja babur suka gudu, ko hular ba su karɓa ba. Amma aikin gama ya gama.

Baba ya ajiye burushin da ke hannunsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, mene ne sitika?"

Na ce ba komai, shirmen yara ne. Ya ce, "Nuna min." Bai taɓa maimaita min umarni ba, ranar ma bai maimaita ba. Na buɗe na miƙa masa. Ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi abin da aka rubuta a ƙasa, na karanta masa. Ya ce mutum nawa suka gani, na ce ban sani ba. Bai tambayi wanda ya yi ba, ina jin ya gane.

"Shekara arba'in ban yi mata komai a gaban mutane ba," ya ce a hankali. "Sau ɗaya ya fi ƙarfina."

Ya miƙo min wayar, ya ɗauki burushinsa. Abincin nan haka na mai da shi gida.

Washegari ya ja bencinsa can cikin rumfa, ya rataya buhu a gaba, ya koma aiki a bayansa. Mutumin da rabin unguwa ke tsayawa su gaisa da shi, sai ka leƙa kafin ka gan shi. Jikan ya zo daga baya ya durƙusa, Baba ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya yafe. Amma bai ƙara tsokanar wani jika ba, kuma duk jana'izar da ya je, can baya yake tsayawa, kansa a ƙasa. Ni ce dai ban iya yafewa da wuri ba, sai da na shekara ban taka gidan yayata ba.

Baba ya rasu bara. Sitikar ba ta mutu ba. Ko a watan jiya wata ƙawata da ba ta san komai ba ta turo min ita, don mai yi mata aiki ta gudu.

Abin da na koya shi ne, wasa yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce idon wanda ake yi da shi. In ba zai ji ba balle ya rama, to cin mutunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Kuma duk fuskar da ka gani a waya kana shirin turawa don a yi dariya, ka tsaya tukuna. Ba ka san ranar da aka ɗauke ta ba, ba ka kuma san wa aka fitar daga gidan a ranar ba.